Maƙerin da Ya Daina Gaisuwa

Tayyiba ta sake danna maƙerin da ke cikin wasan gem ɗinsu a wayarta karo na uku, keke napep na jijjiga ta a hanyar Ƙofar Galadima. Amsar ba ta canza ba. "Me za ka saya?" Shi ke nan. Ba sallama, ba ina wuni, sai ka ce mai yankan tikiti a tasha.

Ranta ya ɓaci. Shekara biyu ita da Sharfaddeen, ɗan gwaggonta, suna gina gem ɗin nan, Takobin Kufena. Ita ke rubuta labari da maganganun mutanen ciki, shi ke haɗa shi a kwamfuta. Yau ƙarfe huɗu za a rufe gasar gem da wani kamfani na Legas ya shirya, shi ne da safen nan ya zare duk gaisuwar da ta rubuta, ko gaya mata bai yi ba. Ta kira shi ya fi sau goma, ya ƙi ɗauka.

Ta san inda ya samo wannan rashin kunyar. Mutum ashirin suka gwada gem ɗin, kowa ya yabi ganuwar da lungunan, ya yabi faɗa da kuraye masu fukafukai, wasu ma kiɗan gurmin kaɗai ya hana su ajiye waya. Amma gaisuwar ta ishe su. Kafin maƙeri ya miƙo maka takobi sai ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya da zafin rana, kai ma ka mayar masa. Wani ɗan Fatakwal ya rubuto cewa shi dodo ya zo kashewa, ba yawon gaishe-gaishe ba. To sai me? Jaruminta ba ya faɗa wa gidan mutane ya fasa musu tulu kamar na sauran gem, kuma a wurinta wannan shi ne ran wasan.

Uku da minti goma ta faɗa gidan su Sharfaddeen da guntuwar sallama. Gwaggo Mero na zaune a bakin lungun da ke kai wa ɗakin Sharfaddeen, ta miƙe ƙafa tana ɗinkin hula.

"A'a, Tayyiba ce? Sannu da zuwa. Ya kuka wuni? Ya ƙafar babanki?"

"Gwaggo, don Allah ina Sharfaddeen?"

Allurar ta tsaya. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, ta mayar da ido kan hularta.

"Ya fita."

"Ga takalminsa can a ƙofar ɗaki!"

"To, takalmin bai fita ba."

"Gwaggo, ƙarfe huɗu fa za a rufe."

"Ni ban ma ga wani ya shigo ba."

Tayyiba ta tsaya tana huci. Tana jin ƙarar fankarsa, taku biyar ne tsakaninsu, amma wa zai tsallake ƙafar Gwaggo? Ta ji kamar ta kurma ihu. Ta juya fuu ta koma zaure, ta rangaɗa sallama cikakkiya. Ta shigo ta durƙusa.

Gwaggo kuwa ta gyara zama. Ta tambayi ƙafar baba, ta tambayi mama, ta tambayi yayar Tayyiba, Batul, da jaririnta, har akuyar da ta haihu makon jiya ba ta tsira ba. Tayyiba na amsa lafiya lau, haƙoranta a cije. Minti takwas cif.

"Madalla," in ji Gwaggo. Ta janye ƙafa, ta rage murya. "Tun safe bai sa komai a bakinsa ba. Bai tura abin naku ba, ya kasa. Shiga."

Sharfaddeen ya miƙe zumbur da ya gan ta.

"Yaya, tsaya ki ji."

"In ji me? Wata shida ina rubuta bakin mutanen nan, ka tashi da safe ka mayar min da su kurame! Wa ya ba ka izini?"

"Minti goma alƙalan ke ba kowane gem, Yaya. Goma! Za su ƙare a ya gida ya iyali, ko kura ɗaya ba su gani ba. Shekara biyunmu ta tafi a banza."

Gaskiya ya faɗa, kuma shi ya ƙara ƙona mata rai. Yanzun nan ita kanta da akwai abin dannawa na tsallake gaisuwa a goshin Gwaggo, da ta danna. Ta kalli maƙerin a fuskar kwamfuta, takubba jere a bangon bayansa.

"Mayar da gaisuwar," ta ce. "Duka. Sai ka sa maɓalli, mai sauri ya tsallake."

"Ai kowa tsallakewa zai yi."

"Ya tsallake mana. In ya tambayi takobi, maƙeri ya ce babu."

Sharfaddeen ya nuna bangon da yatsa. "Ga su nan a rataye fa, kowa na gani."

"A bar su a rataye."

Ya dube ta, ya dubi agogo. Saura minti ashirin da tara. Ya jawo kujera ya zauna.