Kayan Sallar Jirgin Dabo

Dabo mai gyaran babur bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Bukkuyum ba, amma a cikin wayarsa kwamandan jiragen ruwan yaƙi ne. Jirginsa ɗaya tak, ƙarami, duk tsatsa, hayaƙi na fita ta inda bai kamata ba.

Wasan kyauta ne, sai dai kyautar tana da wayo. In ka yi yaƙi a ba ka azurfa, wadda ba ta sayen komai sai harsashi. Zinare ke sayen babban jirgi, shi kuwa ko ka saya da kuɗinka na gaske, ko ka riƙa leƙawa kullum ana ɗiga maka kaɗan. Ka tsallake rana, kyautar ta koma farko. Lirwanu mai shagon caji, maƙwabcinsa, tuni ya sa kuɗi ya sayi ƙaton jirgi, kullum sai ya nutsar da Dabo ya kuma leƙo ya yi masa jaje. Dabo kuwa, wanda ko ruwan leda sai ya taya, ya rantse sisinsa ba zai shiga ba. Tarawa yake yi, kuma ya kusa.

Ana saura kwanaki Babbar Sallah Innarsa ta aiko daga Nasarawa Burkullu cewa ciyawa ta ci gonarta. Can gonar babu sabis. Dole Dabo ya bar wa matarsa Surayya wayar.

"Wanga akwatin za ki taɓa kullum da sahe," in ji shi. "Shi kaɗai hwa. Kada ki taɓa komi."

"To, Maigida."

Ta taɓa akwatin kamar yadda aka ce. Sai dai mutum ba ya riƙe waya ya rufe ido. Ta ga jirgin Lirwanu a gefe yana ƙyalli, ta ga na mijinta kamar an tsamo shi daga juji, ga matuƙinsa da riga a koɗe. Sannan wasan ya buɗe mata kasuwa: fenti, tutoci, fitilu, sabuwar riga da hula ta matuƙi, duk da zinare ake sayensu.

Jajiberin Sallah Dabo ya dawo, taɓo har gwiwa. Ko ruwa bai sha ba ya karɓi wayar. Jirginsa ya zama kore shar, da tutoci daga goshi har wutsiya, matuƙi ya sha farar riga kamar ango. Ya duba wajen zinare, ya ga wayam.

"Surayya! Mi kinka yi?"

"Kayan Sallah niy yi mai."

"Kayan Sallah? Jirgi? Fenti na harbi? Tun bara nike tara zinaren ga!"

"Na sani," ta ce, tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago ba. "Kowa ya yi sabon kaya, shi kaɗai za shi shiga Sallah da tsumma gaban na Lirwanu? Kullum kana ce mai sai ka tara. Ni na san yadda wanga jira yake, Maigida. Tausai ya ba ni."

Dabo ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa, sai idonsa ya sauka kan zanen da ke jikinta. Ya san shi sarai. Shi ne na Sallar bara waccan, wanda furanninsa suka koɗe har ba a gane ko ja ne ko ruwan goro. Bara ya ce mata sai ya tara. Bana ma haka ya ce. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna.

Ya ajiye wayar ya ja babur ya nufi kasuwa, ya sayo atamfa, kuma ranar ko tayawa bai yi ba. Tela ya ce ɗinki kam sai bayan Sallah, ko uwarsa ce ta kawo.

Ranar Sallah da hantsi Lirwanu ya sake nutsar da shi a harbi na farko. Jirgin ya nutse da tutocinsa da fitilunsa. Surayya na leƙe ta kafaɗarsa, sabuwar atamfar da ba a ɗinka ba yafe a kanta.

"Ka gani," ta ce. "Ko ba komi, da mutunci nai ya tahi."