Keso Uku a Ƙarƙashin Gado

Ranar da Madugu Cindo ya ƙi karɓar kuɗin wuri, Kande tana da kwana arba'in a kabari.

Mijinta, Malam Hudu, mai karantar da yara ne a Gagarawa. A shekarar yunwa ya jinginar wa Cindo, wani attajirin Gumel, littattafan da mahaifinsa ya rubuta da hannu, ya karɓo hatsi. Aka tsai da bashi a kan keso uku, kowane keso wuri dubu ashirin. Albashin Malam kuwa kuɗin Laraba ne, wuri biyar-biyar daga kowane gida. Ya haƙa rami a ƙarƙashin gado, ya binne randa, ya riƙa zubawa. Shekara bakwai miyarsu ba ta ga nama ba sai da layya.

Kande tana kai daddawa kasuwar Maigatari. Wata Alhamis ta dawo ta ajiye ƙwarya, ta ce, "Malam, masu gishiri sun daina karɓar wuri. Mu canja namu da sulalla tun ana so."

"Ƙarfen Nasara mai hoton mutum a ɗakina? Ke dai ji da daddawarki."

"To, Allah ya ba mai karatu haƙuri. Mu jahilai kasuwa muke karantawa."

Sau uku tana maimaitawa cikin shekara biyu, sannan ta bar zancen. Da tari ya kwantar da ita, ta roƙi zuma da romo. Ya ce saura ɗari takwas kuɗi su cika, ta ƙara haƙuri. Ya rubuta mata allo, ya wanke, ta sha. Kuɗi suka cika mako biyu bayan an kai ta.

Ya ari jakuna biyu ya nufi Gumel, ya sauke kaya a zauren Cindo.

"Allah gafarta Malam, duwatsu ka kawo a yi mini daɓe?" in ji Cindo.

"Kuɗinka ne, Madugu. Ƙirga."

"Kuɗina ne da. Yau ko haraji da sule ake biya. Wannan ko mai ƙosai ba ta juya maka kai."

"Da wuri muka yi magana."

"Da mai rai muka yi magana, yanzu gawa ka ɗauko. Littattafan ma wani malamin Barno ya saye su bara. Na ga shiru ta yi yawa."

Mutanen zaure suka yi dariya, wasunsu ma Malam ne ya koya musu babbaƙu.

A bakin kasuwa Ubale, sarkin 'yan caca, ya tare shi. Su kaɗai suka rage masu neman wuri, don da shi suke jefawa. Ya saye duka a kan sule huɗu, ya ce, "A sa mana albarka, Malam, wuri mai tsarki ne."

A hanya Malam ya ga mai zuma. Ya tambayi kuɗin kwalba, aka ce sisi. Ya saya, bai san dalili ba.

Da la'asar ya isa gida. Ramin yana nan a buɗe, tabarmarta a naɗe jikin bango. Ya ajiye zumar a inda take sa kai, ya zauna. Ya san yadda ake fassara kalma guda ta hanya bakwai, amma kalmomi huɗu sun fi ƙarfinsa shekara biyu, ga shi yanzu babu mai ji: Kande, kin yi gaskiya.