Kogon da Baturiya Ta Ajiye Ɗanta

Shekarar da mahara masu dawakai suka addabi ƙauyukan Kunci, ana tsakar girbin gero kururuwa ta tashi. Baturiya, wata Bamaguza, tana gona goye da jinjirinta Ɗantani. Gudu da goyo ba gudu ba ne, kuma in ya tsala ihu a maɓoya ya tona asirin kowa. Sai ta yi abin da ta sha ganin birin dare na yi, ɗan mitsitsin birin nan mai dara-daran idanu: uwa takan ɗauko ɗanta a baki, ta ajiye a reshe, ta tafi lasar ƙaro, ta dawo ta ɗauka. Ta naɗe yaron a zane, ta sa shi a kogon wata tsamiya, ta kutsa cikin dawar da ba a girbe ba.

Sai bayan magariba ƙura ta lafa, ta fito neman ɗanta. To, tsamiya a gonakinmu ta fi a ƙirga, mai gudun ceton rai kuwa ba ya shaida itace. Ga shi lokacin ne biran ke tashi, kowa ya kama gabansa, suna kiran juna da murya kamar ta jariri. In ta bi na gabas, sai na yamma ya ɗauka. Har yau in aka ba da labarin yadda muryarta ta dishe, tsikar jikina tashi take.

Surukarta, da ta biyo ta neman yaron, ta riƙo hannunta. "'Yar nan, zauna. Da asuba biran nan sukan taru su kwanta a kogo guda, kogo mai kyau kuwa ba yawa gare shi ba. Inda suka nufa, nan kika sa shi."

Haka ta zauna a bakin gona, nono na ta zuba. Da gari ya soma wayewa kiran ya sauya. Suka riƙa tsalle daga itace zuwa itace, uwaye da 'ya'yansu, har suka ɗuru cikin tsamiya ɗaya. Tana ganinta ta gane ta.

Ta zura hannu. Zanen na nan, da ɗuminsa. Daɗi ya kama ta har ta yi dariya. Ta jawo shi a hankali, ta buɗe, sai idanu suka yi mata caa. Biran ne dunƙule a jikin juna, ɗumin nasu ne. Ɗantani ba ya ciki, a gindin tsamiyar kuwa ga sawun doki ya nufi arewa.