Ƙofar da Ta Ƙi Kwanciya

"To hannun wa ne in ba naka ba?" in ji Yaya, yana taka kusurwar ƙofar da ya shimfiɗe a ƙasa. Ya taka nan, can ta ɗaga, ya koma can, nan ta ɗaga, sai ka ce wasa take yi da shi.

Da ƙaninsa Auta yake. Tun safe ake abu ɗaya a shagon waldar da ubansu ya bar musu. Kwanan nan duk ƙofar ƙarfen da Auta ya haɗa sai ta fito a murɗe, a kai gidan mai ita ta ƙi shiga mazauninta, a dawo da ita a baro matan layi suna leƙe ta taga. Yaya ya ce ya gaji da shan kunya. In wannan ma ba ta gyaru ba zai ɗauko wani mai walda, Auta ya koma fenti da kankare tsatsa. Mutum da gemunsa da 'ya'yansa, a ce ya koma kankare tsatsa a shagon ubansa. Auta dai ya ƙudurta a ransa, ranar da aka miƙa masa burushi ranar zai kwashe kayansa.

Kuma ba wai bai nemi inda matsalar take ba. Yaya ya ce wutar inji ta yi yawa, ya rage. Ya ce sandunan walda sun sha sanyi, aka kawo sababbi. Ya ce jan walda gefe guda tiryan-tiryan shi ke sa zafi ya ja ƙarfe, Auta ya koma ɗigo-ɗigo, nan kaɗan can kaɗan, yana jira ya huce. An zargi giranda mai yankan ƙarfe da yankan karkace, aka sa sukwaya aka auna kusurwa, yanka lafiya lau. Da zance ya ƙare wa Yaya sai ya koma kan wayar hannu, wai tunda ƙaninsa ya yi mai shafawa hankalinsa ya bar jikinsa.

Ana cikin haka matar Yaya ta turo ƙaramar ƙofar da ta haɗa shago da cikin gida, riƙe da jug ɗin ruwa. Ita da Auta ba sa haɗuwa ba su taɓa wasa ba. Ta tambaye shi ko yau ma ƙofar rawa ya haɗa, ya ce ai tafiyarta ya kwaikwaya. Dariya ta sa ta tuntsurar da kofin da ta cika a kan babban teburin da ake haɗa aiki.

Auta ya bi ruwan da ido. Bai tsaya inda ya zube ba, ya miƙe sumul zuwa kusurwar da ke jikin bango, ya taru can.

Teburin nan kuwa Yaya ne ya ƙera shi da hannunsa tun yana saurayi, ba baƙon da zai shigo bai ji labarin daidaitonsa ba. Shi ya sa aka tuhumi komai a shagon ban da shi. Auta ya roƙi matar yayansa zare. Ya ja ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya gicciya wani a kai. In tebur daidai yake, zaren biyu za su taɓa juna a tsakiya. Ya zura ɗan yatsansa tsakaninsu, ya wuce bai taɓa ko ɗaya ba.

Ya durƙusa ya janye tarkacen da ke ƙarƙashi. Ƙafar teburin ta lume cikin siminti, simintin ya jiƙe ya rugurguje kamar gari. Bayan bangon nan famfon wanki yake, wanda Yaya ya ce ba sai an kira mai gyaran famfo ba, shi zai ɗaura da kansa.

Yaya ya daɗe a tsugune yana duban wurin. Ya yi tari, ya gyara hula. Auta yana jiran kalma ɗaya, ko ta haƙuri ce a ciki-ciki, amma wanda ya san Yaya ya san sai dai a yi ta jira.

"Tsayuwar me kake yi?" ya ce daga ƙarshe. "Kawo farantin ƙarfe mu ɗaga ƙafar nan. Ka farke ƙofar ka sake haɗawa, wa kake so ya yi maka?"

Auta ya ɗauko gilashin waldarsa yana danne murmushi. Wannan ma ta ishe shi.

Da Yaya ya bar ta a nan da an rabu lafiya. Amma laifi ba ya kwana a hannunsa, sai ya waiwaya wajen matarsa, ya ce dama wankin wasu ba ya ƙarewa, kullum ruwa, kullum ruwa, har an cinye masa shago.

Ta ajiye jug ɗin a hankali.

"Tun 'yarka tana rarrafe nake ce maka famfon nan yana yoyo, maigida. Yau ga ta tana zuwa makaranta. Rigar da ke jikinka ma, daga gobe ka kai wa injin waldarka ya wanke maka."

Ta shige gida, ta bugo ƙofar har ƙura ta zubo daga silin.