Ciyawar da Baba Inuwa Ya Ƙi Rufewa

Ina shiga da bokitin ruwa na tarar da Yaya Mustapha a kan kujera, yana fizgar buhun da ke rataye a tagar mahaifinsa. Buhun a jiƙe yake, ruwa na bin hannunsa har cikin riga. Ƙusa ɗaya ta ƙi fita, ya ja da ƙarfi sai da ƙasar bango ta zubo.

"Mustapha, sauko," in ji Baba Inuwa daga kan gado. Tari ya sarƙe shi, muka jira har ya lafa. "Sauko na ce. Nan ba ofishinku na Dutse ba ne."

"Baba, likita ne ya faɗa, ba ni ba. Dubi bangon nan, fumfuna baƙi ƙirin. Ita kake shaƙa kullum." Ya juyo ya gan ni. "Au, ke ce mai kawo ruwan? Haba Zulaihat, ke da kika yi karatu?"

Na ajiye bokitin, na rasa inda zan sa idona.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Baba Inuwa a Haɗeja. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Tun yana matashi aka tura shi Gembu, can saman tsaunin Mambila, inda ya ce hazo kan shigo ɗaki ya zauna da mutum kamar baƙo. A can matarsa Saude ta rasu, Mustapha na shekara biyar, a can aka binne ta. Da ya yi ritaya shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya dawo gida da akwati biyu da gwangwanin madara. A cikin gwangwanin akwai wata 'yar ciyawa da ya ciro a gefen kabarinta.

Ba ta da suna a Hausa. Ba ta fure, ba ta tsayi, rarrafe take a bakin kasko. Ganyenta ƙanana ne kamar ɓawon kifi, rassanta a jere kamar sabon kitso. Ba ta son rana, ba ta son iska mai bushi, wato duk abin da garinmu ke da shi a bazara. Don haka Baba ya mayar da ɗakinsa Gembu. Randa biyu a kusurwa suna naso. Kaskon a kan faranti mai cike da tsakuwa da ruwa, ruwan ba ya taɓa gindinsa. Buhun algarara a taga, ana jiƙa shi sau uku a rana. A kan kantar ɗakin akwai murfin kwalba da ɗan gishiri a ciki. Idan gishirin ya dunƙule, laima ta isa. Idan ya warware kamar yashi, sai Baba ya tashi tsaye.

Tun da ƙafafunsa suka daina kai shi tuƙa-tuƙa, ni nake ɗebo ruwan. Ba wanda ya sa ni. Ina son ɗakin, ina son sanyinsa da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, kuma ban taɓa ganin namiji ya riƙe mace a zuciya shekara talatin bayan mutuwarta ba sai a littafi.

Ƙanwarsa, Gwaggo 'Yar'azumi, wadda ke dafa masa abinci, ta leƙo daga ƙofa da muciya a hannu.

"Gaya masa dai, Mustapha. Garin nan kowa yaƙi yake da ciyawa, kacalla ta cinye kogi, masunta na kuka, shi kuma Yaya ya samu wata ya sa a ɗaki yana mata fifita. Abin da ko akuya ba ta ci!"

"Akuyarki ba ta da ilimi ne," in ji Baba, ya yi dariyar da ta koma tari.

Mustapha ya sauko, ya durƙusa a gaban gadon da buhun a hannunsa.

"Baba, ni ma uwata ce. Amma ita ta riga ta tafi. Kai ka rage min."

Baba ya juya fuskarsa bango. Rana ta shigo ta tagar a karon farko cikin shekaru, ta faɗi a kan tabarma. Na ja kaskon da ƙafa zuwa inuwar randa.

Washegari Mustapha ya koma bakin aikinsa. Ni kuwa na duba a waya, na ga abin ba wuya: a kifa wa shukar gilashi, laimar ta tsaya a ciki, ɗakin ya bushe. Na je shagon bakin layi na roƙi babbar kwalbar alewa da suka gama da ita, na wanke ta tas, na shiga da ita da hantsi ina murna kamar na gano maganin mutuwa.

"Baba, ka ga an huta! Ita ta samu raɓarta, kai ka samu iskarka."

Ya karɓi kwalbar, ya juya ta a hannu. Numfashinsa na fita da ƙara, kamar ana jan buhu a kan siminti.

"'Yar nan, kin ɗauka ban sani ba? Shekara talatin da biyar ina aikin itace." Ya miƙo min ita. "Ni na shiga ramin kabarin Saude, ni na karɓe ta, ni na jera itacen. Na rufe ta sau ɗaya. Ba zan rufe ta sau biyu ba."

"Baba, ciyawa ce fa."

"Na sani. Ban haukace ba." Ya nuna kantar da haɓa. "Miƙo min murfin nan."

Na miƙa masa. Ya sa yatsa, gishirin ya warware, ya zube a kan bargo. Bakin ganyen ciyawar har ya fara yin ruwan ƙasa yana naɗewa ciki.

"Buhun yana bayan madafi, na ji inda Mustapha ya jefa shi," ya ce. Bai dube ni ba. "Ba dole. In kin ƙi, ba zan riƙe ki a raina ba."

Na fita tsakar gida na tsaya. Zafi na tashi daga ƙasa, ko tsuntsu ba ya motsi a kan darbejiya. Na tuna fuskar Mustapha a durƙushe. Na tuna abin da likita ya ce. Wallahi duk na tuna, ba zan ce mantawa na yi ba. Sannan na zaga bayan madafi na ɗauko buhun, na tsoma shi a bokiti, na hau kujerar na mayar da shi kan ƙusoshinsa.

Ɗakin ya yi duhu, sanyi ya fara saukowa. Baba ya rufe ido, ya ja numfashi mai tsawo.

"Yawwa," ya ce. "Haka safiyar can take."

Gwaggo ta ga buhun da rana, ta dube ni, ta dubi yayanta. Da la'asar da kanta ta ƙara masa ruwa.

Kwana shida Baba ya ƙara. Ran Laraba bayan azahar ina wanki na ji salatin Gwaggo ta saman katanga, na san an gama. Kafin magariba an kai shi. Mustapha ya iso ana ɗaukar makara, bai samu shiga ɗakin ba sai da suka dawo. Ina tsakar gida cikin mata lokacin da ya fito da buhun a hannu, har yanzu yana ɗiga. Ya tsaya yana neman fuskata har ya same ta. Ya shanya shi a kan igiya, ya koma zaure wajen masu gaisuwa.

Har yau ban san ko buhun ne ba. Likita bai ce ba, ban kuma tambaya ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma haka nake faɗa in an yi min gaisuwa.

Kwana uku na zaman makoki ban iya taka ɗakin ba. Mata suka yi abin da ake yi: suka buɗe taga, suka share, suka kankare bango, suka sa turaren wuta. Jama'a sun yi yawa, zafi ya yi tsanani, sai aka fitar da randunan biyu ƙofar gida don masu ta'aziyya su sha. Ba wanda ya yi da mugunta. Sadaka ce ga mamaci.

Ran sadakar uku da safe na shiga. Ɗakin ya zama kamar kowane ɗaki a Haɗeja. An jingine katifa, an kwashe tsakuwa an wanke farantin. Kaskon na bakin taga, inda wata ta ɗora shi don ya sha rana. Ciyawar ta dunƙule kamar hannun da aka damƙe, duk ta yi ruwan ƙasa. Na ɗaga rassan da tsinke. Can ƙasa, a jikin kasko, reshe ɗaya mai tsawon gaɓar yatsa yana da sauran kore.

"Ɗauke ta."

Mustapha ne a bakin ƙofa. Idanunsa sun yi ja.

"Yaya Mustapha, ni ce na..."

"Na sani. Gwaggo ta gaya min komai, har da kwalbar." Ya dubi kaskon ya daɗe. "Ko fuskar uwata ba na iya tunawa. Ɗauke ta, Zulaihat, kafin rana ta ƙarasa ta."

Na kai ta gidanmu, na ajiye a gindin randar Inna, na zuba mata ruwa kaɗan kaɗan har ƙasar ta daina sha. Kwalbar alewar na nan inda na jefa ta a ƙarƙashin gado. Na ɗauko, na riƙe ta a sama da kaskon, hannuna ya ƙi sauka. Daga ƙofar gidansu ina jin liman ya fara addu'a, maza na amsawa.

Na kifa ta.

Na zauna a ƙasa ina kallo. Har aka shafa fatiha ba abin da ya canza. Sai wajen hantsi gilashin ya fara dusashewa daga ciki, ɗigo ɗaya ya taru a sama, ya gangaro a hankali.