Hajiya Hasiya da Kwamfutar Marigayi

Tun da Alhaji Tukur ya rasu, 'yan zaman makoki suka watse, gidansa na unguwar Malali ya zama daga matarsa Hajiya Hasiya sai ƙarar firij. 'Ya'ya maza kowa ya koma garin aikinsa. Autarta Nusaiba kuwa tana can Fatakwal da mijinta, ga tsohon ciki, ko jana'izar ba ta samu zuwa ba.

To, ana cikin haka Nusaiba ta sauka, aka samu namiji. Haihuwar fari ce fa. A ƙa'ida uwa ce ke tsayawa kan ruwan wanka da kunun kanwa, ta duba cibi, ta yi faɗa in mai jego ta sha ruwan sanyi. Amma mai takaba ko Unguwar Rimi da ke nan kusa ba ta zuwa, balle Fatakwal. Abin da ya rage wa Hajiya shi ne ta ga yaron da idonta. Wayarta kuma irin mai madannan nan ce, murya kawai take kawowa. Kwamfutar Alhaji ce mai nuna fuska, kuma tun yana raye ya koya mata: ta kunna, ta rubuta kalmar sirri a ɗan akwatin da ke ƙarƙashin hotonsa, ta jira kira.

Ranar haihuwar, don ɗoki, tun da hantsi ta kunna ta zauna jira. Sai kwamfutar ta kawo wata doguwar tambaya da Turanci. Hajiya dai a Turancin duniya eh da a'a ta sani, kuma ba halinta ba ne a tambaye ta abu ta ce a'a. Ta danna eh. Shi ke nan fa, abu ya yini yana juya 'yan ɗigo, ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi. Da ya gama, sai ga hoton Alhaji ya kumbura ya cika gilashin, ba a ganin komai sai gemu da gefen hula. Akwatin kalmar sirri kuwa ya sulale ƙasa, ya ɓace.

Ta goge gilashin da gefen mayafi. Ta kashe ta kunna. Har ƙasan tebur ta leƙa, kamar akwatin zai faɗo can. Kwana biyu tana jin kukan jikanta a waya, ba ta san ko da wa ya yi kama ba.

Nusaiba ce ta turo Kabir, wani magidanci mai shagon gyaran kwamfuta a wajen Babbar Kasuwa, wanda da ma shi ke yi wa marigayi aiki. Ya yi sallama a ƙofar gida, ya yi ta'aziyya, sannan ya ce a ba shi izini ya shiga.

"Malam Kabiru, ni kaɗai ce a gidan, kuma ka san halin da nake ciki," in ji ta daga bayan ƙofa.

"To Hajiya, a miƙo min ita in tafi da ita shago."

"Kayan mamaci? Ba a raba gado ba? Ko tsinke ba zai fita daga ɗakin nan ba."

A ƙarshe dai ya zagaya ta tsakar gida ya tsaya jikin tagar ɗakin Alhaji, labule a sake, ita a ciki shi a waje. Ya so ta juyo masa da gilashin, amma marigayi mutum ne mai tsari, ya kafe wayoyin a bango da 'yan ƙusoshi.

"To Hajiya, ke ce idona yau. Me kike gani?"

"Gemun Alhaji."

Kabir ya danne dariya da tari. Ya bayyana mata cewa kwamfutar ta sabunta kanta ne, kamar mutum ya sake ɗinki, sai ta manta awon gilashinta, shi ya sa komai ya yi mata girma. Akwatin yana nan, ganinsa ne kawai ba a yi. Ta rubuta kalmar a haka, ta danna babban madannin nan na dama.

"In rubuta a inda ba na gani? Ina rubutun zai zauna?"

"Zai zauna, Hajiya. Ki yi bismillah kawai."

Ta yi da yatsa ɗaya, a hankali, tana motsa baki. Sai ga shi an buɗe. Ciki ma komai ƙato-ƙato, kamar an zo da su kusa da hanci. Kabir ya yi ta yi mata jagora, danna nan, sauka ƙasa, har suka kai wani jerin lambobi, ya ce ta zaɓi mafi girma. Gilashin ya yi baƙi, sai ya dawo komai daidai, tsaf kamar da.

"Alhamdu lillahi! Ya gyaru, ɗan nan."

Kafin ya amsa ta ce, "A'a, ya koma."

Suka sake. Ya gyaru, ya koma. Suka kuma sakewa. Rana ta fara dukan ƙeyar Kabir, ya cire hula yana fifita, yana lissafin abin da ya lalace a cikin injin. Can sai ya ce, "Hajiya, tsakanin gyaruwa da komawar, babu abin da yake fitowa?"

Ta hau gyara mayafi.

"Hajiya?"

"Tambaya take yi," ta ce a hankali. "Ni kuwa na yi alkawari ba na ƙara ce mata eh. Eh ɗin nan ce ta raba ni da ganin jikana."

"To a'a kike dannawa?"

"Ina! Ba na dai kula ta. Kawar da kai nake yi har ta gaji."

Wannan karon Kabir bai iya riƙe dariyar ba, sai da ya dafa bango. "Hajiya, ai cewa take, in bar shi haka ya yi miki? In kika yi banza da ita, sai ta ɗauka ba ki so, ta mayar."

"Yanzu in ce mata eh? Ka tabbata? In ta sake kumbura min Alhaji, kai da Allah."

"Na ɗauka, Hajiya."

Tambayar ta fito. Ta runtse ido ta danna. Ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Bai koma ba. Kabir ya sa ta kashe ta kunna don a tabbatar, sai ga akwatin kalmar sirri a mazauninsa. Ya yi mata sallama ta taga, ta bi shi da addu'a har ta ji ƙarar rufe ƙofa.

Bayan azahar kira ya shigo. Nusaiba ta ɗago yaron kusa, jajir da shi, ya dunƙule hannu. Hajiya ta matso har numfashinta na taɓa gilashin.

"Masha Allah. Tallafe masa kai mana, Auta, haka ake riƙe yaro? Wa yake miki ruwan wanka?"

"Wata maƙwabciya ce, Mama, 'yar Zamfara."

"Yana dai tafasa sosai?"

"Yana yi, Mama." Nusaiba ta yi hamma. Ta ce barci take ji, ga shi yaron ma ya fara lumshe ido, ko ta kashe sai gobe.

"A'a, bar shi a kunne. Jingina wayar inda zan gan shi, ke ki kwanta. Ina nan."

Nusaiba ta jingina wayar jikin filo ta juya. Ba a jima ba ɗakin can ya yi tsit, na nan ma haka. Hajiya ta gyara zama a kujera, ta zuba wa ɗan ƙirjin nan ido yana hawa yana sauka. Wani ƙuda ya sauka kusa da kunnen yaron, ta ɗaga hannu ta kore shi, ƙudan bai ko motsa ba.