Wayar da Baba Yake Nufi

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, maganarsa ta koma guntu-guntu. Kalma ɗaya ce take fita sarai: "Waya." In miƙa masa wayarsa, ya ture. Na kira masa Yaya, na kira Gwaggo, har tsohon abokin aikinsa na nemo. Sai ya saurare su, ya juya fuska bango. Likita ta ce ya riƙa ɗan takawa, amma ko bakin ƙofa Baba ya ƙi zuwa. A raina na fara cewa ciwon ya taɓa hankalinsa.

Ran nan na dawo daga shagon ɗinkina da rana, na tarar da gado wayam. Sandarsa ba ta nan. Na leƙa banɗaki, na leƙa kicin, na fita titi a guje. Mai kanti ya ce bai ga wucewarsa ba. Ina dawowa, na lura ƙofar baya a buɗe take.

Can ƙarshen lambu, jikin katanga, akwai 'yan bishiyoyin saifires da ya dasa kafin ciwon, sirara masu tsini, ganyensu kamar koren zare. A gindin ta farko na same shi zaune, wando duk laka, filaya a hannunsa mai lafiya.

"Baba, faɗuwa ka yi?"

Ya girgiza kai. Ya kama hannuna ya ɗora a jikin bishiyar. "Waya," ya ce.

Ashe lokacin dashe ya ɗaure kowacce da waya a jikin turke, don kada iska ta kwantar da ita. Bishiyoyin sun yi kauri, wayar ta nutse cikin ɓawo, ƙaro yana tsattsafowa. Biyu daga cikinsu kansu har ya fara yin ja. Ni kuwa kullum ina ba su ruwa, ban taɓa duƙawa na duba ba.

Na zauna kusa da shi cikin lakar, dariya da hawaye suka zo mini tare. Hankalinsa garau yake, mu ne ba mu da kunne.

Na karɓi filayar na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tsinkewa. Na ɗebo ƙyallaye daga jakata don in sake ɗaure su. Na farko na ja shi tamau, sai Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Sako-sako," ya ce.

Na tsaya ina kallonsa. Rabon da in ji wata kalma ban da "waya" ta fita sarai daga bakinsa har na manta.

"Sake faɗa, Baba."

Ya harare ni. "Auta. Kurma."

Da na gama, na ce bari in kira maƙwabci mu ɗauke shi. Ya ƙi. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka riƙa takawa a hankali, yana jan ƙafar. A bakin famfo ya ja ya tsaya, ya nuna tiyon da bakin sanda.

"Ruwa," ya ce. Ya numfasa, ya tattaro sauran. "Ya yi yawa."

"To, Baba, na ji. Zan rage."